Labari a Kan Babban Yatsa: Matasan Marubutan Darmanawa da Abin da Suke Nema

Ƙarfe tara ta gota, an daɗe da idar da sallar isha'i, kuma an ɗauke wuta a layinmu na Darmanawa. Daga bakin titi ana jiyo gurnanin janareton mai shayi da hon ɗin 'yan adaidaita sahu masu komawa Unguwa Uku. A tsakar gidan yayata kuwa haske ɗaya ya rage, na wayar 'yarta.

Ta gama wanke-wanke, ta kife kwanuka, ta ɗaura wa ƙannenta gidan sauro. Yanzu ta jingina da bango, ta miƙe ƙafa a kan tabarma, manyan yatsunta biyu suna ta kai-komo a kan allon waya. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka hira take yi da ƙawaye. Feji na goma sha bakwai take rubutawa na wani labari da ta faro tun kafin azumi, kuma akwai mata sama da ɗari a wani zauren WhatsApp da suka ƙi barci suna jiran ta tura.

Tun da rana ta aiki ƙaninta ya kai wayar wurin mai caji, don ta san dare ne kaɗai lokacinta. Shekarunta ashirin da ɗaya. Ta gama sakandare, tana jiran gurbin karatu. Ba ta taɓa riƙe littafi mai ɗauke da sunanta a bango ba, amma duk wanda ya tambaye ta abin da take so ta zama, amsarta ɗaya ce: marubuciya.

Irinta ba sa ƙirguwa a nan Tarauni ta Kano. Daga Karkasara zuwa Babban Giji, daga Daurawa zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, da wuya ka bi layi biyu ba ka wuce gidan da wata ko wani ke ƙirƙirar labari a waya ba. Mutanen gidan ma sau da yawa ba su san abin da ake ciki ba.

Daga bakin kaka

Na san inda ta samo abin, don a gabana aka yi. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ba ta yi boko ba, amma in ta ce "gatanan gatananku" jikoki suka amsa "ta zo mu ji ta", ko kazar gidan sai ta nutsu. Tana da muryar Gizo daban, mai tsamin baki, ta Ƙoƙi daban, ta kura daban. Ta san inda za ta ja numfashi ta yi shiru har sai ƙaramin cikinsu ya ja mata zane. Kuma ba ta taɓa yarda ta yi tatsuniya da rana, sai ta ce mai yin haka ɓata yake yi.

Wannan yarinyar ita ce ke zama kusa da gwiwarta. Da aka ce "ƙurunƙus" sauran yara suka watse, ita sai ta tsaya tana tambayar abin da ya faru da kura bayan nan. In ba a ba ta amsa ba, washegari ta tara ƙannenta ta ƙaro nata.

Duk wanda ya zauna da marubutan Hausa ya saurari yadda suka fara, zai ji wannan labarin da ɗan bambanci kaɗan. Wani kakarsa ce, wata gwaggonta ce, wani kuma yayansa ne da ke karanta wa gida Magana Jari Ce a gaban fitilar ƙwai. Kafin makaranta ta koya musu haɗa baƙi da wasali, gida ya riga ya koya musu yadda ake riƙe mai sauraro.

Turbar da aka share tun 1933

Ƙagaggen labarin Hausa na boko da gasa ya fara. A 1933 Rupert East, wanda ke jagorantar hukumar talifi a Zariya, ya zaga Arewa yana neman malamai su rubuta labarai da Hausa. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East ɗin. Imam yana ɗan shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Shekara ɗaya tak ya ba 'yar yayata.

Akwai abin da Imam ya samu wanda ya kamata a riƙe, don za mu dawo kansa. Ya samu wanda ya zauna da rubutunsa, ya karanta layi-layi, ya ce masa nan ya yi, nan a sake.

An daɗe mata ba su shigo fagen ba. Sai a 1980 kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, 'yar Kano, bayan wata gasa da kamfanin ya shirya. Ba a jima ba tattalin arziƙin ƙasa ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, a daidai lokacin da yaran da aka kwasa aka zuba a firamare ƙarƙashin shirin ilimi kyauta na 1976 suka fara girma, sun iya karatu, ba su da abin karantawa da ya shafe su.

Sai matasa suka ce ba za su jira kowa ba. Su rubuta, su kai wa mai keken rubutu, su tara kuɗi su kai maɗaba'a, su ɗauko su kai kasuwa da kansu. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga firamare aka aurar tana 'yar shekara goma sha uku, ta koma ta ƙaro ilimi a ajin manya, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, littafin da ya shiga kusan kowane gida mai 'yanmata a Kano. Shi da Balaraba da Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yan Gurasa da wasu suka haɗu a ƙungiyar Raina Kama. Sunan kawai ya isa ya gaya maka irin kallon da ake yi musu, da irin amsar da suka bayar.

Masana sun yi ta ja-in-ja a jaridu a kan wannan guguwa. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya laƙaba mata Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta ta da ƙananan littattafan kasuwar Onitsha, yana ganin ba za ta yi ƙarko ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu da Farfesa Yusuf Adamu suka tsaya a ɗaya ɓangaren, suna cewa littattafan sun sa dubban mata karatu kuma sun taɓo auren dole da kishi da sakin wulaƙanci, abubuwan da ake ji a jiki ba a faɗa. Mu da muka tashi a lokacin mun san shagunan haya, inda ake ba da 'yan nairori a karɓi littafi na kwana ɗaya, a karanta na ɗaya a yi ɗokin na biyu, a ɓoye shi cikin littafin lissafi.

Ba a bar marubutan sun sha ruwa ba. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan da aka ƙwace daga hannun ɗalibai mata, daga baya kuma Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista su riƙa kai rubutunsu a duba. Duk da haka Alhaki Kuykuyo Ne ya kai har Indiya, inda kamfanin Blaft ya buga fassararsa ta Ingilishi a 2012.

Kasuwa ta koma aljihu

Yau in ka je rumfunan littattafai na Sabon Gari ko Kurmi, ba za ka ga cincirindon da ake yi a da ba. Takarda daga waje ake shigo da ita, kuma tun faɗuwar darajar naira a 2023 kuɗin buga littafi ya fi ƙarfin matashin da ko aikin yi bai samu ba. Masu karatun ma sun tashi daga takarda.

Abin da ya maye gurbin maɗaba'a yana cikin aljihun kowa. Marubuciya ta buɗe zaure a WhatsApp ko shafi a Facebook, ko ta ɗora a Wattpad ko ArewaBooks. Ta saki fejin farko kyauta, goma ko ashirin, har labari ya kama mutane. Daga nan sai ta sanar cewa littafin kuɗi ne, mai son ci gaba ta tura 'yan ɗaruruwan nairori ta asusun banki, ta turo shaidar biya, a saka ta a zauren waɗanda suka biya. A da har katin waya ake karɓa.

Akwai alheri a cikin wannan, kuma ba ƙarami ba ne. Matar aure da ba ta fita ta samu sana'a daga kan gadonta. Yarinyar da ba ta san kowa a harkar ɗab'i ba ta samu masu karatu a Maraɗi da Kumasi da Jidda a dare ɗaya. Ba dillali, ba kwantai, ba jiran wata uku kafin mai shago ya biya ka kuɗin littafinka.

Amma kasuwar tana da haƙora. Ka sayar wa mutum ɗaya, kafin gari ya waye littafin ya zaga zaure ashirin kyauta. Wani ya kwashi labarin ya karanta a YouTube yana karɓar kuɗin talla, mai shi ko sannu ba a ce mata ba. Wata ta cire sunan marubuciyar ta maƙala nata. 'Yar yayata ta taɓa ganin labarinta na farko yana yawo da sunan wata, an canza sunan jarumar kawai. Ranar ko tuwo ba ta ci ba.

Gida ne ke ɗaurewa, gida ne ke kwancewa

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda makomar matashin marubuci ke rataye a kan mutanen gidansu.

Mijin yayata, mutumin kirki ne mai tsoron Allah, da farko ya hana. Dalilinsa ba na banza ba ne. Ya ji abin da ake faɗa a majalisa da kan mumbari game da littattafan batsa da suka cika waya, kuma gaskiya ne akwai su. Wasu sun gano cewa batsa ta fi saurin kawo kuɗi, suka zubar da mutuncinsu da na sana'ar, kuma ba hukumar da hannunta ke kaiwa cikin zauren da aka kulle. Ƙungiyoyin marubuta da kansu sun sha fitowa suna tir da abin. Uba da ya ji haka, ya ga 'yarsa ta duƙufa a kan waya har sha ɗaya na dare, dole hankalinsa ya tashi.

Yayata ce ta warware matsalar, ta hanyar da ban taɓa tunani ba. Ta ce wa 'yar ta riƙa karanta mata kowane feji da baki kafin ta tura. To, sai aka koma gidan jiya: ana tsince shinkafa ko ana yankan kuɓewa, yarinya tana karatu, uwa tana saurare. Wani lokaci ta tsayar da ita ta ce babu surukar da za ta faɗi haka a gaban mijin 'yarta, a gyara. Wani lokaci ta yi shiru, sai ka ga ta kai gefen mayafi ido. Maigidan yana daga ƙofar ɗaki da rediyonsa, kamar ba ya ji. Bayan 'yan makonni shi ne ya tambayi yadda aka ƙare da marainiyar nan ta cikin labarin.

Ba kowa ke samun wannan ba. Akwai waɗanda ke rubutu da sunan aro don kada yayyensu maza su gane. Akwai waɗanda aure ya raba su da alƙalami, miji ya ce shi ba ya son a san matarsa a duniya. Akwai kuma, a faɗi gaskiya, mazan da ke saya wa matansu data, su riƙe yaro na awa guda don ta ƙarasa babi. A kowane labari da ya kai ƙarshe a waya, in ka bincika, akwai wani a gidan da ya ɗauke wa marubuciyar wani aiki.

Maza matasa ma suna ciki, kodayake ba su kai mata yawa ba. Su nasu ƙalubalen daban ne. Ana ce musu aikin mata suke yi, ko a tambaye su nawa abin ke kawowa. Da yawansu littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini ne suka ja su, wasu kuma idonsu yana kan Titin Gidan Zoo, inda ofisoshin 'yan fim suke, tafiyar 'yan mintoci daga Gyaɗi-Gyaɗi. Sun ga yadda marubuta irin su Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman suka tashi daga littafi suka shiga rubutun fim, suna fatan bin sahu.

Lalle, girki da tattabaru

'Yar yayata tana yin ƙunshi. Sha'awa ce ta fara tun tana ƙarama, tana zana fulawa a hannun ƙannenta, yanzu har amare ake kawo mata. Tana kuma son girki, tana iya ɓata yini guda a kan alkaki ko dubulan. Na daɗe ina ganin waɗannan abubuwa suna cinye mata lokacin rubutu. Daga baya na gane su ne rijiyar da take ɗiba.

Mai ƙunshi tana riƙe da hannun mace na awa biyu ko uku. Matar ba ta iya tashi, ba ta iya taɓa waya, sai baki. A nan ake jin wadda aka fasa aurenta saboda kayan ɗaki, da wadda uwar miji ta sa wa ido, da wadda ke dariya alhali cikinta ya ɗuri ruwa.

Fejin da ya fi kowanne kyau a duk abin da ta rubuta, a ganina, a kan wannan ne. Amarya ce ake yi wa lalle, hannunta yana rawa, zanen yana karkacewa, mai ƙunshin tana gogewa da tsinke tana sakewa, ba wadda ta ce uffan. Ba a faɗi cewa ba ta son mijin ba. Hannun ne ya faɗa. Na karanta shi sau uku.

Sauran labarin kuwa ya tafi inda labaran waya da yawa ke tafiya: katafaren gida a Abuja, saurayi mai jirgin sama, hutu a Dubai, asibiti a Indiya. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Kawu, abin da suke so ke nan." Ban musa mata ba, don ta fi ni sanin masu karatunta. Amma raina ya sosu. Yarinyar da ke wuce masu jinya da suka taho daga ƙauyuka masu nisa zuwa asibitin Malam Aminu Kano, kowa da tabarmarsa da fulas ɗinsa da abin da ke cin zuciyarsa, tana da labarin da ba wanda zai iya ba da shi sai ita. Haka yaron maƙwabtanmu mai kiwon tattabaru a saman soro, wanda ya san halin kowace tsuntsuwa da sunanta, amma in ya zauna rubutu sai ya tafi birnin aljanu da takubba, bai taɓa sa tattabara ɗaya a labari ba.

Wa zai ce a sake?

A nan ne maganar Abubakar Imam ke dawowa. Matashin yau ya fi Imam yawan masu karatu a ranar farko, amma ba shi da edita. Abin da yake samu a ƙarƙashin kowane feji shi ne "Allah ya ƙara basira", "mun gode, Anti", "don Allah a ci gaba". Addu'a ce mai kyau, tana ƙara ƙarfin gwiwa. Sai dai ba ta nuna maka cewa jarumarka ta canza hali ba dalili a feji na tara, ko cewa babi uku na tsakiya ba abin da suka ƙara.

Ga kuma gaggawa. Wadda ta yi alkawarin feji kullum ba ta da damar ajiye rubutu ya kwana, balle ta sake shi. Ana rubutawa ana turawa, da zafinsa. Ƙa'idojin rubutu su ne suka fi shan wahala: a haɗe abin da ya kamata a raba, a raba abin da ya kamata a haɗe, a bar ƙ da ɗ da ɓ ba lanƙwasa, a cusa Ingilishi a inda Hausa ke da kalma uku. Malaman Hausa a Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimi sun daɗe suna kuka da wannan. Laifin bai tsaya kan yaran kaɗai ba, tunda da yawansu sun gama sakandare ba tare da an zaunar da su an koya musu rubuta harshensu yadda ya kamata ba.

Akwai ƙofofi, kuma ya kamata a san da su. Reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, ya daɗe yana shirya zaman karatu inda ake karanta rubutu a yi masa gyara a gaban mai shi. Akwai ɗakin karatu na Murtala Muhammed a kan titin Ahmadu Bello. Cibiyar Gusau da ke Kaduna tana shirya gasar marubutan Hausa. Sannan ga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata zalla. Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara lashe ta da labarin Sansanin 'Yan Gudun Hijira, Maimuna Idris Sani Beli ta Kano ta biyo baya a 2017 da Bai Kai Zuci Ba, kuma a 2022 kambun ya tsallaka Nijar, hannun Amira Souley. Amfanin irin wannan gasa ya wuce kyautar. Tana tilasta wa wadda ta saba da feji ɗari ta matse labarinta cikin 'yan shafuka, ta zaɓi kalma, ta bi ƙa'ida, ta san alƙalai za su karanta da jan biro a hannu.

Matsalar ita ce yarinyar Darmanawa ba ta cika sanin ranar zaman ANA ba, in ma ta sani ba lalle a bar ta ta je ba, in an bar ta kuma ga kuɗin mota. Tsofaffin marubuta suna can suna cewa yaran yanzu ba sa neman gyara. Yaran suna nan suna cewa ba wanda ya neme su. Tsakanin Darmanawa da inda ake waɗannan tarukan bai fi tafiyar rabin awa ba.

A daren da nake ba da labari, sha ɗaya saura ta tura fejin. Nan take wayar ta fara ƙara, saƙo a kan saƙo. Ba ta buɗe ba. Ta miƙo mini wani littafin rubutu mai bangon shuɗi, irin na 'yan makaranta, wanda ban san da shi ba. Ta ce labarin amaryar nan ne mai rawar hannu, ta cire shi daga cikin dogon, ta sake rubuta shi da biro sau biyu, tana so ta tura gasa. Ta ce in karanta, kuma kada in ce mata ya yi kyau sai in ya yi.

Na karɓa, na ce ta kawo fitila. Yayata ta leƙo daga ɗaki ta ce a karanta da ƙarfi, ita ma ba ta ji wannan ba.